Uwar Adashi da Rediyo

Batir ya kusa ƙarewa, na ɗora rediyon bisa turmi,
ina ɓarar gyaɗa a faifai bayan lisha.
Mai labarai ya ce mutumin Indonisiya ne,
ƙasar da teku ya yayyanka gunduwa-gunduwa.
Sunan ya fi ƙarfin harshena, na bar musu kayansu.

Masanin tattalin arziki, in ji shi.
Da alli ya fara, yana koyar da 'ya'yan mutane,
aka kira shi ofishin tsare-tsare,
daga nan ministan ciniki, daga nan na kuɗi.
Shugaba ya sauka, wani ya hau, shi yana nan,
kamar dutsen niƙa da ake gada a gida.
Sau ɗaya aka sauke shi,
don ya ce babu ranar da ake so ya ce akwai.
Bayan shekara uku aka aika ya dawo.

Nan na ajiye faifai.

Ni Ladidi 'yar Cindo, ta ƙauyen nan gabas da Gujungu,
na san nauyin babu a baki.
Shekara goma sha tara gwangwanin adashi na ƙarƙashin gadona.
Mu shida muka fara, naira hamsin-hamsin,
yau mu arba'in da ɗaya ne, har da matar mai kemis.
Ban yi boko ba.
Littafina bangon ɗaki ne, alƙalamina gawayi:
Hansai layi uku, Tabawa biyu da rabi.
Wata damina ɗaki ya yi yoyo, ya wanke min shafi guda,
na mayar da shi daga ka, ba wadda ta yi musu.

Ni ma an yi min ƙarin girma, in ana wannan zance:
daga adashi zuwa kuɗin gyaran burtsatse,
daga nan kuɗin takin ƙungiya.
Ba mota, ba ɗan sanda a ƙofa,
sai akuyar da ke cin igiyar shanyata.

Shekarar da riɗi ya ƙi,
matar mai unguwa ta zo tana so ta kwasa
alhali layin Asabe ne, mai jinyar miji.
Na ce babu.
Kafin Juma'a an ɗauke gwangwani daga hannuna.
A gidan suna ana ganina sai hira ta koma ta tsadar manja.
Na yi ta suyar ƙuliƙulina.
Ba a kai kaka ba, gwangwani ya koma ƙarar banza.
Ba wadda ta ce yi haƙuri,
yaro aka turo da shi da magariba, da goro biyu a kai.

To, malam na bayan teku,
da za ka zauna a tabarmar nan, tambaya ɗaya gare ni.
Ina ƙirga kuɗi da dare, in ƙirga da safe, cif suke,
murfi a rufe, ƙulli bai motsa ba,
amma in na kai su Gujungu
abin da ya sayi kwano uku na gero bara
bana kwano ɗaya yake ɗaukowa, da ƙyar, ba gyara.
Wane ɓera ne wannan
mai cin kuɗi bai taɓa takarda ba?
Ka taɓa ganin wutsiyarsa daga benen ofishinka?
Ko kai ma tarko kake ɗanawa ka kwana ido biyu?

Rediyo ya yi tari, ya yi shiru.
Ban ji ko ritaya ya yi ba, ko rasuwarsa ake faɗa.
Na ciro batir na lasa, na mayar, bai tashi ba.

Na haska bango da fitilar waya.
Gobe kwasar Tabawa ce,
mutum biyu ba su zuba ba,
ɗaya kuwa ƙanwata ce.